Waƙa Ɗaya a Wuri Biyar: Nazarin Yadda Aka Gyara Wani Ƙagaggen Labari a Kaduna

Asalin lamarin

Marubuciyar da wannan nazari ya shafa tana zaune a Rigasa. Da rana tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, da dare ta jingina da bango ta yi ta rubutu a waya har caji ya ƙare. Mun yi da ita ba zan faɗi sunanta ko na littafin ba. Ni mai duba mata rubutu ce, shekaruna sun kusa ninka nata, tana ce mini Anti.

Littafin da ta kawo mini shi ne na uku da ta rubuta, kuma na farko da ba soyayya zalla ba. Labarin wata yarinya ce da ta auri mai shagon atamfa a babbar kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ba ya duka, ba ya zagi, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma cikin shekara uku ya raba ta da aminiyarta, ya sa ta ajiye karatu da hannunta, ya kai ta inda ba ta yarda da abin da idonta ya gani. Zai faɗi magana da safe, da yamma ya rantse bai faɗa ba, ya dube ta da tausayi ya ce, "Kin fara mantuwa, abin nan yana ba ni tsoro." In ya ɓata mata rai, shi zai ɗaure fuska kwana biyu, ita ta bi shi da ban haƙuri.

Irin wannan miji ba shi da suna a bakinmu. Muna da kalmar mallaka, amma a labaranmu kusan kullum mace ake jingina wa ita, da boka da ƙulli a ƙarƙashin katifa. Namijin da ya kanainaye mace da tattausar murya sai a ce yana ji da ita. Doka ma ta riga bakinmu: dokar tarayya ta 2015 da ta hana cin zarafin mutane ta lissafa cutarwa ta magana da ta wasa da hankali cikin laifuffuka, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Sai dai mai karanta labari ba kotu ba ne, sai ya gani da idonsa yake yarda.

Janairu: alamar farko

Ta gama babi 12 na farko ta tura wa mutum bakwai ta WhatsApp, mata biyar da maza biyu. Na ba ta shawara ta yi musu tambaya ɗaya tak, kuma ta riƙa maimaita ta bayan kowane gyara: wa ke da laifi a gidan nan, kuma a wane babi aka gane?

Mutum biyar suka ce mijin ba shi da laifi. Abin da suka rubuto kusan iri ɗaya ne: kishi ne, so ne ya yi masa yawa, yarinyar ta cika ƙorafi, ta gode Allah bai rage ta da ci da sha ba. Mutum ɗaya ya ce laifin na duka biyun ne. Mace ɗaya, bazawara mai shekara arba'in da wani abu, ita kaɗai ta ce mijin ne, kuma tun babi na 3 ta gane shi.

Marubuciyar ta kira ni da daddare muryarta na rawa. Ta ce, "Anti, mugu na rubuta, sun mai da shi mijin da ake addu'ar samu."

Fabrairu: ƙarin bayani

Gyaran farko shi ne ta shiga cikin labarin da bakinta. Bayan kowane abu da mijin ya yi, sai ta ƙara sakin layi tana fayyace nufinsa: ya faɗi haka ne don ya karya mata gwiwa, ya yi shiru ne don ta ji ita ce mai laifi. Babi 12 ɗin suka ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Mutum huɗu suka ce tsallake wuraren suke yi su koma kan hira. Ɗaya daga cikin mazan ya ce marubuciyar ta tsani mutumin ne take laƙaba masa abin da bai yi ba. Amsar tambayar ba ta motsa ba sai da mutum ɗaya. Ta cire bayanan duka.

Maris: mari

Gyara na biyu ta yi shi ba tare da ta gaya mini ba. A babi na 9 ta sa mijin ya mari matar. Wannan karon duk mutum bakwai suka ce shi ne mai laifi, kuma shida daga ciki suka ce a babi na 9 suka gane.

Ta yi murna kwana ɗaya. Washegari bazawarar nan ta aiko mata da saƙon murya mai tsawo, wanda ta kunna mini daga baya. Abin da na riƙe a ciki shi ne: "Ƙanwata, nawa bai taɓa ɗaga mini hannu ba, shi ya sa na yi shekara tara ba wanda ya yarda da ni. In sai an mari mace za ki yarda an cuce ta, to ni kin ƙaryata ni." Marin ya fita daga littafin a makon.

Afrilu: waƙa a kan kowane babi

A nan waƙa ta fara shigowa, amma ta ƙofar da ba ta ɓulle ba. Marubuciyar ta lura mijin da ke cikin labarin nata mai son waƙa ne, sai ta ɗora baiti biyu na sanannun waƙoƙin soyayya a saman kowane babi, da tunanin daɗin baitin da ɗacin abin da ke ƙasa za su nuna wa mai karatu bambanci.

Akasin haka aka samu. Kowane mai karatu yana da tarihinsa da waƙar da ya sani: wata da ita aka yi mata kamu, wani da ita ya yi zance. Suna ganin baitin sai su shiga babin da zuciya mai laushi, su yi wa mijin uzuri tun bai buɗe baki ba. Wata ma ta ce littafin ya ƙara daɗi. Ga kuma batun haƙƙin mallaka, domin baitocin suna da masu su, ba ta nemi izinin kowa ba. Muka cire su. A ƙarshen watan ta ce mini za ta ajiye littafin ta koma irin wanda ta saba.

Mayu: tsakar gida a Tudun Wada

Tana da wata goggo a Tudun Wada, tsohuwa da ta yi kiɗan amada a gidajen biki tun tana budurwa, ta bari shekaru da yawa da suka wuce. Ba neman shawara ya kai mu ba, gaisuwar rashin lafiya muka je. Muna zaune a tabarma, goggon na jiƙa goro a bakin buta, ta tambayi abin da ya sa 'yar tata ta rame. Da aka gaya mata sai ta ce a karanta mata ta ji.

Marubuciyar ta karanta babi na 7, wurin da matar ta fara musu kan wata magana da aka ce aminiyarta ta faɗa, ta ƙare tana cewa, "Haka ne, ni ce ban fahimta ba." Goggon ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yar nan. Wannan yarinyar ai 'yar amshi ce."

Muka yi shiru. Ta jawo wata ƙwarya da aka kife kusa da murhu ta ɗan ƙwanƙwasa da yatsu biyu. "Mai amshi ba ta da ta cewa. Zabiya ta jefo, ke ki mayar. Ta zaga duniya da waƙarta, ta yabi wannan, ta yi wa wancan habaici, ke dai nan inda aka ajiye ki za ki dawo. In kin daɗe kina yi, ko barci kike aka taɓa ƙwarya bakinki zai motsa." Can kuma ta ƙara da tambayar da ba mu da amsarta: "To kafin ya zo, wace waƙa take yi ita kaɗai?"

Abin da tsohuwar ta faɗa shi ne ginin waƙar baka ta Hausa kamar yadda masu nazarinta suke bayyanawa: akwai gindin waƙa, wanda ake komawa kansa, akwai ɗiyan waƙa, waɗanda jagora ke saƙawa yadda ya so. Haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi da makaɗan kalangunsa suna karɓa masa. Haka Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. A dandali wannan tsari abin sha'awa ne, kowa ya san aikinsa, an tashi kowa ya koma da bakinsa. Marubuciyar ta ga cewa ta rubuta gidan da aka tashi daga wasa amma ba a sallami mai amshi ba.

A cikin Keke Napep muna komawa ba ta ce uffan ba har muka rabu.

Yuni zuwa Agusta: sake gini

Ta fara da ƙirƙirar waƙarta ta kanta. Al'ada ce da kowa ya sani yanzu ango ya je situdiyo a yi masa waƙar biki da sunansa da na amarya, a kunna a wajen kamu ko dina. Ta ba mijin da ke cikin labarin irin wannan waƙa. Gindinta layi biyu ne. Muryar namiji ta ce, "Wa ya san ki kamar ni?" Muryar mace ta amsa, "Babu, babu sai kai." Ba ta rubuta sauran baitocin ba ko sau ɗaya.

A zubin farko waƙar ta fito sau 11. Na ce ta yi yawa, ta ce a'a. Muka raba gardama da karatu a bayyane gaban ƙannenta biyu: daga karo na shida suka fara riga ta faɗin amshin suna dariya. Ta rage zuwa biyar, ta kuma ɗaura wa kanta doka cewa ba za ta taɓa bayyana ma'anar waƙar da bakinta ba.

Na farko a babi na 2 ne, daren dina. Ta ba shi shafi uku na farin ciki tsantsa, da liƙi da guɗa, ƙawaye suna ɗaga murya wajen amshin, amarya na rufe fuska da mayafi don kunya. Na so ta saka wata 'yar alama ta gargaɗi, ta ƙi. Ta ce in mai karatu bai so waƙar a nan ba, ba za ta yi masa ciwo a gaba ba.

Na biyu shi ne babi na 7 da goggon ta tsayar. Yanzu musun a mota ake yin sa, cikin cunkoson Kawo da yamma. Matar ta ce aminiyarta ba za ta faɗi haka ba, a kira ta a tambaye ta. Mijin bai tanka ba. Ya miƙa hannu ya kunna waƙar, ya bi muryar namijin a hankali yana murmushi, da aka zo wurin amshi ya rage sauti ya juyo yana jiranta. Ta kau da kai. Ya mai da waƙar baya ya sake. A karo na biyu ta yi dariya ta amsa. Ba a sake tayar da maganar aminiyar ba, kuma babin ya ƙare yana saya mata gasasshiyar masara ta tagar mota.

Na uku a babi na 11, kuma a nan ta fi shan wahala. Mijin ya sa waƙar a wayar matar ta zama ƙarar kiransa shi kaɗai. Ta je gidan mahaifiyarta a Kakuri, unguwar masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje kafin a rufe su ɗaya bayan ɗaya. Suna tsintar wake a faranti ɗaya, uwar na ba ta labarin marigayi mahaifinta, ma'aikacin masaƙa, yadda ya taɓa aika mata gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ta ji sunanta a akwatin rediyon maƙwabta ta rasa inda za ta sa kanta. Ana tsakiyar labarin wayar ta yi ƙara. A zubin farko marubuciyar ta rubuta cewa kiɗa mai sanyi ya ratsa ɗakin. Na ja layi a ƙarƙashinsa, domin kowa haka yake rubutawa, kuma takarda ba ta ɗaukar sauti. Abin da ta dawo da shi daga baya: waken da ke hannun yarinyar ya zube, rabi a faranti rabi a ƙasa, ta miƙe tsaye kafin ta san ta miƙe, ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta. Uwar ta bi ta da kallo, ta sunkuya tana tsince waken ɗaya-ɗaya, ba ta ƙarasa labarin ba.

Wannan wuri ya tuna mini da take. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar magana, shi ya sa makaɗi zai iya kiran mutum da ganga ba tare da ya buɗe baki ba, mai taken ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Take abin alfahari ne, ana yi wa mutum shi don a ɗaga shi. Na wannan yarinyar kiran bawa ne.

Na huɗu a babi na 16, gidan suna. Wata baƙuwa tana nuna wa mata tsohon bidiyon bikin ƙanwarta a waya, sai ga kiɗan, ga tambayar, ga amshin, suna kawai aka canza. Ƙanwar ita ce matar da mijin ya saka tun kafin ya auri wannan, wadda kullum yake cewa taɓin hankali ne ya raba su.

Na biyar a babi na 21, ba kiɗa ba waya. Matar ta haɗa kayanta, mijin ya tsaya a bakin ƙofa, bai hana ta fita ba. Ya sassauta murya ya ce, "Wa ya san ki kamar ni?" Marubuciyar ta bar layi ɗaya fari, ta rufe babin.

Tambayar goggon ma ta samu amsa. A babi na 1 an ga yarinyar tana rera wata waƙar daka da ta koya wurin uwarta duk lokacin da take aiki. A babi na 3 mijin ya ce cikin raha, "Rufa mana asiri da muryar nan kada maƙwabta su tashi." Ta yi dariya ta daina, kuma ba a sake ambaton abin ba har babi na 23, na ƙarshe, inda take wanki a Kakuri ta ji bakinta na motsi. Marubuciyar ta ce Ɗan Maraya Jos ta tuna, wanda ya rasu a 2015, da yake waƙa shi kaɗai da kuntiginsa ba ya jiran kowa ya karɓa masa.

Satumba: sakamako

Mutum bakwai na farko sun riga sun san inda labarin ya dosa, don haka aka nemi sababbi shida, mata huɗu da maza biyu, aka yi musu tambayar nan ba tare da wani bayani ba.

Biyar suka ce mijin ne. Biyu sun gane a babi na 7, biyu a na 11, ɗaya sai a na 16. Ta shidan ta ce duk da haka da matar ta kai ƙara wurin manya kafin ta haɗa kaya. Ɗaya daga cikin mazan ya ce tun farko bai so littafin da aka gina kan kiɗa ba, saboda abin da ya fahimta a addini, amma ya karanta har ƙarshe, kuma yana cikin waɗanda suka gane a mota.

Bazawarar ta sake karantawa don kanta. Ta ce ta ajiye wayar a babi na 11 ba ta koma ba sai bayan kwana biyu. "Nawa ba waƙa ba ce," in ji ta, "hon ne, sau biyu, daga bakin layi."

Abin da na gani

Gyara ukun farko sun faɗi ne ta hanya ɗaya, duk da ba su yi kama ba. Bayanin Fabrairu ya nemi mai karatu ya yarda da marubuciya maimakon idonsa, wato abin da mijin ke yi wa matarsa. Marin Maris ya ba shi hujja mai sauƙi, ya kuma wanke duk mijin da ba ya duka. Baitocin Afrilu aro ne, sun zo da nauyin da ba na labarin ba. A dukkansu mai karatu yana tsaye a waje ana nuna masa.

Waƙar da ta yi aiki ta jawo shi ciki. Ya so ta a babi na 2, ya yi amshi tare da ƙawayen amarya, don haka lokacin da aka mai da ita baya a mota shi ma an jira bakinsa. Kalmomin ba su taɓa canzawa ba. "Babu sai kai" a daren dina shagwaɓa ce, a Kawo rufe baki ce, a Kakuri kuwa ta zama gaskiya, don a lokacin babu kowa ɗin. Cutarwa irin wannan ba ta da rana ɗaya da za a nuna, maimaici ne ke yin ta, kuma waƙa ce abin da Bahaushe ya saba jin ana maimaitawa bai gaji ba. Ina ganin shi ya sa masu karatun suka gane a babi daban-daban, kowa a inda abin ya taɓa wanda ya sani. Wannan ya fi mini daraja a kan bakwai ɗin da suka haɗu a kan mari.

Ban gamsu da komai ba. Babi na 16 ya dogara da katari: a ce cikin duk gidajen sunan Kaduna ta faɗa wanda yayar tsohuwar matar take. Na so ta gano da ƙafarta, ko da zuwa situdiyon ne. Marubuciyar ta ce a garin nan kowa dangin kowa ne, ta bar shi. Mutum shida kuma ba su isa a ce an auna littafi ba, sun dai isa a ce ƙofar da ta ƙi buɗuwa a Janairu ta buɗe.

Saura magana ɗaya da ba mu gama ba. Tana so a karanta littafin da murya a ɗora a YouTube, kamar yadda ake yi wa littattafan Hausa da yawa yanzu, kuma mai karantawar ya ce a je a buga waƙar ta gaske a riƙa sakawa a wuraren biyar. Na ce kada ta yarda. In aka yi mata kiɗa mai daɗi, wata uku ba za a yi ba wani zai yanke ta ya kunna a bikin ƙanwarsa, amarya ta rufe fuska ta amsa. Ta ce za ta je Tudun Wada ta tambayi goggo. Har ranar da nake wannan rubutu ba ta je situdiyo ba.